Asibitin daidaita haƙora a Zariya: abin da na gani bayan wata 14 ina kai yarana biyu

Wata 14 ke nan da na fara kai yarana biyu wani asibitin haƙori mai zaman kansa a nan Zariya, inda wani likita da ya ƙware a fannin daidaita haƙora yake zuwa duba yara kwana biyu a kowane mako. Ba zan ambaci sunan asibitin ko na likitan ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo kuma akwai ƙorafi, sannan abin da ya fi damuna shi ne iyaye su san irin aikin da ya kamata su nema kafin su zuba kuɗinsu. A lokacin, babbar 'yata tana da shekara 11, ƙaninta kuma yana gab da cika 9, kuma a idona matsalarsu iri ɗaya ce: haƙoran gaba na sama sun turo waje, leɓɓa ba sa haɗuwa sai da ƙoƙari, kuma yara a makaranta sun fara yi musu laƙabi. Lissafin da na yi a gida shi ne za a ɗaura wa kowannensu wayar daidaita haƙora a rana ɗaya, a yi mini rangwame tunda biyu ne, mu riƙa zuwa tare har a gama.

Ranar farko cikin watan Disamba ce, hazon hunturu ya rufe gari har ba a hango dutsen Kufena daga hanyar Wusasa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne likitan ya ɗauki kusan minti 10 bai sa ko madubi a bakin yaran ba. Ya zaunar da su ya dube su ta gaba, ya zagaya ya dube su ta gefe, ya ba kowannensu ruwa ya haɗiya yana kallon haɓarsa, sannan ya juyo gare ni da tambayoyi: wane ne yake minshari, wane ne yake barci baki buɗe, wane ne ya yi tsotson yatsa kuma har zuwa shekara nawa, yaushe suka fara famfara, kuma wa kowannensu ya ɗebo a fuska. Har ni kaina sai da ya ce, "Malam, don Allah juya gefe in ga haɓarka." Bayan haka ne ya ɗauko ɗan ƙaramin ma'auni ya auna tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Ta yarinyar ta kai milimita 8, ta yaron milimita 6, alhali abin da aka saba gani milimita 2 zuwa 3 ne. Ya ce bisa rabon da wani likitan Amurka mai suna Edward Angle ya yi a 1899, wanda har yau da shi ake aiki, dukansu biyu suna aji na biyu, wato haƙoran ƙasa suna baya da inda ya kamata su tsaya. Amma sai ya ce su cije, ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba a duk tsawon zamana da su. Haƙoran gaba na ƙasa na yarinyar sun shige can ciki har suna taɓa gandarta, na yaron kuwa ba sa ma haɗuwa da na sama, akwai kafar da harshe ke leƙowa ta ciki ko da turamensa sun haɗu.

Daga nan ya ce ba zai faɗi komai game da magani ba sai ya ga hoton ƙashin kai na gefe, kuma a nan ƙorafina na farko ya fara. Asibitin ba shi da na'urar ɗaukar wannan hoto, sai da aka tura mu wani wurin, muka yi zuwa biyu kafin mu sami wuta da ma'aikaci a lokaci ɗaya, sannan da muka kawo hoton yaron likitan ya ce a sake, domin an ɗauke shi bai cije haƙoransa ba. Kuɗin hoton na biyu daga aljihuna ya fita, kuma da an rubuta wa mai ɗaukar hoton bayani a fili tun farko da ba a yi wannan asara ba. Duk da haka na yarda da dagewar likitan, domin hoto ne da ake ɗauka kai yana tsaye a matsayi ɗaya, a nisa ɗaya, saboda a iya kwatanta na bana da na baɗi. An fara irin wannan ɗauka a 1931, likitocin haƙori biyu, Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus, kowanne da nasa aikin, kuma idan baki yana buɗe lokacin ɗaukar to duk kusurwoyin da za a auna a muƙamuƙin ƙasa sun tashi aiki.

Zama na biyu shi ne dalilin wannan rubutu. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma da likitan ya ga ina bin layukan da yake ja a kan hoton sai ya saki jiki ya yi mini bayani da Hausa, yana tsoma kalmomin aikinsa inda babu makawa. Ya ce muƙamuƙin sama manne yake da ƙoƙon kai, kuma yana girma ne ta wuraren da ƙasusuwa suka haɗu, sabon ƙashi yana cika tsakaninsu, shi kuma yana matsawa ƙasa da gaba. Muƙamuƙin ƙasa kuwa ƙashi ne guda da ke rataye da gaɓoɓi biyu a gaban kunnuwa, kuma a kan kowace gaɓa akwai guringuntsin da yake yin sabon ƙashi. Reshen da ya tashi daga kusurwar muƙamuƙi zuwa kunne yana samun ƙari ta bayansa, jiki kuma yana cinye shi ta gabansa, kuma ta haka ne wuri yake samuwa ga turamen da ke fitowa daga baya. Ya ƙara da cewa fuska tana fara gama girma a faɗi, sannan a tsawon baya zuwa gaba, tsayin sama zuwa ƙasa kuma shi ne na ƙarshen tsayawa, abin da ya sa matsalar tsayin fuska take daɗewa tana sauyawa bayan sauran sun lafa.

Inda maganar ta fi muhimmanci shi ne cewa muƙamuƙin ƙasa ba ya sauka a miƙe kamar guga a rijiya, juyawa yake yi yayin da yake girma. Akwai tsere tsakanin bayan fuska da gabanta. A baya, gaɓar muƙamuƙi tana ƙara tsayi. A tsakiya da gaba kuma, muƙamuƙin sama yana saukowa, turamen sama da na ƙasa suna ƙara fitowa daga dasashi, kuma duk wannan yana tura muƙamuƙin ƙasa ƙasa. Idan girman gaɓar ya fi abin da ke tura shi, sai bayan ƙashin ya sauka fiye da gabansa, haɓa ta juya gaba da sama, ƙasan fuska ya gajarce, cizo ya yi zurfi. Idan kuma gaɓar ce ta gaza, ko girmanta ya karkata baya, sai haɓa ta juya ƙasa da baya, fuska ta yi tsawo, haƙoran gaba su rabu. Na farko shi ne halin 'yata, na biyu halin ɗana. Haƙoran da suka turo waje, waɗanda na ɗauka su ne ciwon, ashe alama ce kawai ta abubuwa biyu da suke tafiya kishiyar juna.

Na tambaye shi yadda aka san ƙashi yana juyawa, tunda babu wanda yake ganin cikinsa shekara da shekaru. Sai ya ba ni labarin Arne Björk, likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aiki a Kopenhagen, babban birnin Denmak. Tun daga farkon shekarun 1950 ya riƙa dasa wasu 'yan ƙananan ƙusoshi na ƙarfen tantalam, masu tsawon milimita 1.5, a cikin ƙashin muƙamuƙin yara, yana ɗaukar hotonsu duk shekara har su girma, ya kuma fara wallafa sakamakon a 1955. Hikimar ita ce ƙashi yana ƙaruwa ne ko ya ragu ta fatarsa ta waje, cikinsa ba ya kumbura, saboda haka ƙusar da aka kafa a ciki tana nan inda aka sa ta. A nan ne na kawo masa misalin da ya ce zai riƙa ara. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau ya san katangar ƙasa: damina tana zaizaye ta ta gefen da ruwa ke duka, magina suna ƙara mata yaɓe da rani, har ta kai katanga tana iya karkata a hankali amma mai wucewa ya ga fuskarta a miƙe, domin yaɓen ya cike inda ta kauce. Sai wanda ya kafa ƙusa a cikin tubalin asali ne zai san iyakar karkatar da ta yi. Haka Björk ya gano cewa jikin muƙamuƙi yana juyawa fiye da yadda gefensa na ƙasa yake nunawa, domin jiki yana bin bayan juyawar da yaɓe da kankara. A yaron da muƙamuƙinsa ke juyawa gaba, ana ƙara ƙashi a ƙarƙashin haɓa, ana kankare shi a wajen kusurwa, a mai juyawa baya kuma akasin haka ake yi.

Alƙaluman da ya ba ni sun tsaya mini a rai. A matsakaicin yaro, daga shekara 4 zuwa cikar girma, cikin ƙashin yana juyawa gaba da kimanin digiri 15, amma gyaran da jiki yake yi a waje yana ɓoye mafi yawansa, har abin da ake gani a layin ƙasan muƙamuƙi bai wuce ragin digiri 2 zuwa 4 ba. Wato yawancin mutane masu juyawa gaba ne, kaɗan-kaɗan, kuma matsala tana zuwa ne idan juyawar ta yi yawa ko ta koma baya. A 1969 Björk ya fitar da alamomi 7 da likita zai iya dubawa a hoto ɗaya ba tare da ƙusa ba, kuma likitan ya nuna mini wasu daga ciki a hotunan yarana yana ɗora su kusa da juna. A na yarinyar, kan gaɓar ya karkata gaba, hanyar jijiyar da ke ratsa cikin ƙashin ta lanƙwashe sosai, gefen ƙasa ya cika ya yi kauri wajen haɓa. A na yaron, hanyar jijiyar kusan miƙaƙƙiya ce, akwai ɗan lotsawa a gefen ƙashin gab da kusurwa, ƙasan fuskarsa kuma daga hanci zuwa haɓa ya yi tsawo. Abin da ya ƙara masa daraja a wurina shi ne bai mai da waɗannan alamomi kamar duban boka ba. Ya ce binciken da aka yi daga baya ya nuna suna da amfani a yaran da halinsu ya fito fili, amma a matsakaitan yara hasashensu ba shi da ƙarfi, kuma hanya mafi aminci ita ce a ɗauki hoto biyu da tazarar shekara ɗaya ko fiye a ɗora ɗaya a kan ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya yi wanda nake ganin duk iyaye su tambaya a kansa. Ma'aunan da ke cikin littattafan wannan fanni, kamar digiri 25 da ake ɗauka a matsayin matsakaicin gangaren muƙamuƙi idan aka auna shi da layin da ya tashi daga kunne zuwa ƙasan ido, an samo su ne daga fararen fata na Turai da Amurka. Binciken da aka yi a kan 'yan Najeriya ya nuna haƙoranmu na gaba, sama da ƙasa, sun fi nasu karkata waje, leɓɓanmu kuma sun fi cika, kuma wannan halitta ce ba ciwo ba. Likitan ya ce wanda ya bi littafi ido rufe zai iya cire wa yaro lafiyayyun haƙora huɗu domin ya kai shi ga ma'aunin da ba nasa ba, ya bar shi da fuskar da ba ta kama da ta kowa a gidansu. Haka kuma bai taɓa 'yar wushiryar yarinyar da magana ba sai da ya tambaye ta ko tana sonta, tunda a wurinmu ado ce.

Maganin yarinyar ya dogara ne da lokaci. Yara mata sukan yi saurin girma na balaga wajen shekara 12, maza kuma wajen 14, kuma muƙamuƙin ƙasa yana bin wannan sauri. Maimakon ya dogara da shekarun haihuwa, likitan ya dubi ƙasusuwan wuya na 2 da na 3 da na 4 a cikin hoton nan dai, domin siffarsu tana sauyawa yayin da yaro ke kusantar wannan lokaci, ya ce tana bakin ƙofa, kada a jira. Ya ba ta na'urar da ake kira Twin Block, wadda William Clark na Sikotlan ya ƙirƙira a 1977: faranti biyu na roba mai tauri, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da tudu mai gangare, ta yadda ba za ta iya rufe baki ba sai ta turo muƙamuƙinta gaba. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya yi amfani da juyawar da ya bayyana mini. A kowane zuwa yakan ɗan goge tudun farantin sama domin turamen ƙasa su sami sararin ƙara fitowa. Ya ɗauko almakashi ya sa tsinken ashana kusa da inda ƙarfunan suka haɗu, sai bakin almakashin ya buɗe fiye da kaurin tsinken. Haka muƙamuƙi yake, in ji shi: ƙarin milimita 1 a wajen turame yana buɗe haƙoran gaba da kusan ninki biyu. Ga mai zurfin cizo kamar ita, wannan shi ne abin da ake nema.

Bai yi mini alkawarin zai tsawaita ƙashinta ba, kuma na sha ganin tallace-tallace a intanet da suke yin irin wannan alkawari. Ya ce gwaje-gwajen da aka yi sun nuna ƙarin da irin wannan na'ura take kawowa a ƙashi kaɗan ne, milimita ɗaya ko biyu, kuma mafi yawan gyaran daga haƙora yake zuwa, na sama suna komawa baya, na ƙasa suna matsowa gaba. Ya ce sa'ar yarinyar ita ce girmanta da kansa yana kai haɓarta gaba, saboda haka na'urar tana tafiya ne tare da ruwa. Watanni biyun farko sun yi wuya. Maganarta ta sauya, miyau ya yi yawa, kuma a Islamiyya malamarsu ta ce haruffa ba sa fita daga mafitarsu, sai likitan ya yarda ta riƙa cirewa lokacin karatun Alƙur'ani ta mayar da zarar an tashi. Na'urar ta karye sau ɗaya, kuma laifinmu ne, domin ta naɗe ta a hankici ta sa a jaka lokacin da take shan rake.

Yaron kuwa, likitan ya ƙi sa masa komai, kuma ban ɓoye masa cewa raina ya ɓaci ba. Ya ce, "Malam, idan na ba shi irin abin da na ba yayarsa, na kuma goge shi yadda nake goge nata, da hannuna zan ƙara masa ciwon." Dalilinsa shi ne almakashin nan dai: duk abin da zai ƙara fito da turamen yaron, ko na'ura ce ko robobin da ake ɗaurawa tsakanin wayar sama da ta ƙasa, zai ƙara juya muƙamuƙinsa ƙasa da baya, haɓa ta ƙara shigewa, kafar gaba ta ƙara buɗewa. Ya ce irinsa ana neman a danne turame ne kada su fito, kuma lokacin wannan bai yi ba tukuna. Abin da ya yi shi ne rubuta mana takarda zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, saboda minsharin da yaron yake yi da barci baki buɗe, abin da muka daɗe muna ɗora wa ƙurar hunturu alhali har da damina yana yi. Can aka gano wani nama da ke bayan hanci, wanda likitoci ke kira adinoyid, ya kumbura ya toshe masa hanyar iska. Da mahaifiyata ta ji an ce nama ne a maƙogwaro sai ta ce belu ne, a kira wanzami, kuma sai da na dawo na tambaya aka tabbatar mini ba su da alaƙa: belu yana rataye inda ido ke gani, wannan kuwa yana can sama bayan hanci, yanke belu ba zai taɓa shi ba.

Dangantakar numfashi da siffar fuska likitan ya bayyana ta da taka-tsantsan. Yaron da ba ya iya shaƙa ta hanci yakan sauke muƙamuƙinsa, ya sauke harshensa daga ganda, ya ɗan ɗaga kai, kuma idan wannan ya zama zamansa dare da rana, turame suna samun sararin ƙara fitowa, muƙamuƙin sama kuma yakan tsuke tunda harshe ba ya tokare shi daga ciki. Ya ambaci binciken Linder-Aronson a Suwidin a 1970 kan yara masu kumburin wannan nama, da gwajin da Harvold ya yi a Amurka inda aka toshe hancin birai siffar muƙamuƙinsu ta sauya. Amma nan take ya ƙara da cewa gado yana da babban rabo, akwai masu doguwar fuska da hancinsu lafiya lau, kuma kada in ɗauka buɗe hanci zai mai da fuskar yaron ta yayarsa. A nan ne na gane dalilin da ya sa ya duba haɓata a ranar farko. Ya kuma sa muka yaƙi tsotson yatsan da yaron yake yi a cikin barci, yana cewa abin da ke motsa haƙori daɗewar matsi ne fiye da ƙarfinsa, kuma matsin da ya kai kimanin awa 6 a rana ya isa ya sauya wurin zaman haƙori.

Sai sauran ƙorafe-ƙorafena, waɗanda duk na tsarin asibitin ne. Ana ba da lokaci a rubuce amma ba a bin sa, sau da yawa an ce mana ƙarfe 10 sai bayan azahar muke shiga, yarinya ta rasa karatun yini guda saboda aikin minti 15. Ba a Zariya ake haɗa na'urar ba, ana aika awon bakin wani gari ne, saboda haka da ta karye sai da muka yi mako uku muna jira, kuma a wannan tsakani haƙoran sun ɗan koma. Sau biyu likitan bai zo ba kuma babu wanda ya kira mu, sai da muka biya kuɗin keke napep daga Samaru muka tarar da ƙofarsa a rufe. Babu kuma ko takarda guda da aka rubuta da Hausa kan yadda ake kula da na'urar, alhali maiɗakina ce take fama da ita kullum, kuma duk bayanin da na kawo a sama na same shi ne domin na yi ta tambaya. Na ga iyayen da suka shiga suka fito cikin minti 5 ba su san abin da aka sa wa ɗansu a baki ba. A ɓangaren tsabta kuwa ban ga abin zargi ba, ana buɗe kayan aiki daga cikin ledarsu a gabanmu, ana sauya safar hannu ga kowane yaro, kuma ma'aikaciyar da ke taimaka masa ta koya wa yarinyar wanke na'urar da buroshi da ruwan sanyi, ta gargaɗe ta kada ta sa ta a ruwan zafi domin robar tana lanƙwashewa.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Na'urar yarinyar tare da zuwan da muke yi duk bayan mako shida ta ci kusan albashina na wata biyu, amma an yarda na biya kashi uku, kuma an gaya mini tun farko cewa bayan wannan mataki akwai yiwuwar a ɗaura mata waya ta daidaita jeren haƙoran, wadda kuɗinta daban ne, sannan akwai abin riƙewa da za ta riƙa sawa da dare. Yaron kuwa kuɗin dubawa kawai nake biya masa duk wata shida. Da likitan ya so, da ya sayar mini da na'ura biyu a ranar, domin da kuɗin na je kuma da niyyar na je, kuma wannan shi ne babban abin da ya sa nake ci gaba da haƙuri da layin asibitin.

Zuwa yau tazarar haƙoran yarinyar ta sauko daga milimita 8 zuwa 3, haƙoranta na ƙasa sun daina taɓa ganda, leɓɓanta suna haɗuwa ba tare da ta yi tunani ba, kuma yanzu da dare kawai take sa na'urar. Yaron an yi masa aikin hanci, minsharin ya tsaya, ya bar tsotson yatsa, kafar da ke gaban haƙoransa ta ragu amma ba ta rufe ba, kuma likitan ya faɗa mini a fili cewa mai irin girmansa yana buƙatar sa ido har ya wuce shekara 18, domin tsayin fuskar namiji yana daɗewa yana ƙaruwa, kuma idan juyawar ta tsananta akwai waɗanda sai tiyatar muƙamuƙi take gyara su bayan girma ya tsaya. Ina ba da shawarar wannan asibiti ga iyayen da ɗansu yake tsakanin shekara 7 zuwa 13 kuma suna iya jure jira da zirga-zirga, musamman wanda haɓarsa ta shige, ko haƙoransa na gaba ba sa haɗuwa, ko yake barci baki buɗe. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ma shekara 7 ta sa a matsayin lokacin duba na farko. Wanda yake neman a ɗaura wa ɗansa waya a zuwan farko ba tare da hoto ba, ko wanda aikinsa ba ya barin ya ɓata rabin yini, zai sha takaici a nan. A wata mai zuwa za a sake ɗaukar hoton yaron domin a ɗora shi a kan na bara a ga inda haɓarsa ta nufa, kuma wannan karon na riga na sa likitan ya rubuta wa mai ɗaukar hoton da hannunsa cewa yaron ya cije haƙoransa kafin a danna.